Kalmar da Akawu Ya Hana Birki

Shekara talatin da ɗaya Akawu ya yi a kan teburi ɗaya, a ofishin wani kamfanin dakon kaya mai manyan motoci goma sha biyu. Tagarsa tana kallon filin da ake ajiye motocin, saboda haka babu direban da zai shiga ko ya fita bai gan shi ta saman gilashinsa ba. Mutum ne siriri, mai tsabta har ta yi yawa, irin wanda zai goge kujera da hankici kafin ya zauna, in ya tashi kuma ya sake goge ta saboda mai zuwa. A gabansa akwai tsohuwar tafireta da yake rufewa da tawul, da wani ƙamus na Turanci da bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. An kawo kwamfuta ofishin, ya koya, ya kuma iya, amma ya ce takardar da za ta bi mutum har tsufansa ba a buga ta da abin da ake gogewa ba a ga alama ba.

Aikinsa na yau da kullum takardun lodi ne da jerin masu tafiya hutu. Amma abin da yake taƙama da shi, wanda in ana maganarsa har ƙeya yake ɗagawa, shi ne takardar shaida. Duk ma'aikacin da zai bar kamfanin, direba ne ko makanike ko maigadi, sai an ba shi takardar da zai nuna a gaba, da Turanci, don ita ofisoshi ke karɓa. Akawu ke rubutawa, Manaja ya sa hannu ya buga hatimi. Layi huɗu ce kacal, kuma ukun farko iri ɗaya ne ga kowa: sunanka, aikinka, shekarun da ka yi. A layi na huɗu ne ake cewa an same ka mutum ne kaza. Wannan kazan kalma ɗaya ce, kuma Akawu biyu gare shi, careful da cautious.

Kada Allah ya sa ka tambaye shi bambancinsu kana sauri. Zai cire gilashi, ya goge, ya mayar, ya ce ka ɗauka an ba mutum biyu tiren ƙwai su tsallaka fili bayan an yi ruwa. Na farko, wato careful, idonsa na kan ƙwan, tattalinsa yake, don an damƙa masa amana. Na biyu, wato cautious, idonsa na kan santsin ƙasa, abin da zai iya faruwa yake lissafi. Dukansu suna iya isa lafiya, in ji shi, kuma ƙamus bai zagi kowa a cikinsu ba. Sai ya rage murya ya ƙara nasa, wanda babu shi a ƙamus: mai yawan kallon santsi, in ka bincika, sau da yawa ba ƙwan yake ji ba, ƙafarsa yake ji, kuma wata rana cewa zai yi a ba wani ya ɗauka.

An sha wannan karatu a kamfanin har ya zama kowa ya haddace. Direbobin da ko gaisuwa ba su iya da Turanci ba sun san ƙwai, sun san santsi. In wani ya tsaya noƙe-noƙe wajen shiga ƙarƙashin mota, sai ka ji an ce masa, kai dai santsi za ka samu. Har dabara suka ƙirƙiro. Ranar da za a buga takardar wani, sai a taru a gindin taga a yi tsit. Akawu yakan buga layi uku a guje, ya dakata, ya ja numfashi, sannan ya buga kalmar ƙarshe da yatsa ɗaya, a hankali. Su kuma suna ƙirga ƙarar. Bugu bakwai ƙwai ne, takwas santsi. Kafin takarda ta fito daga tafireta, labari ya riga ya kai bakin ƙofa.

Kuma ba da ka yake yanke hukunci ba. Kwana uku yake ɗauka. Zai sauka fili da takalminsa mai sheƙi, ya leƙa gaban motar mutum ya ga yadda ya bar ta, ya tambayi makanikai ko yakan mayar da sifana inda ya ɗauka, ya duba tayoyi kamar mai shirin saye. Kowace takarda kuma yana ajiye kwafinta na kabon a fayil. Manaja dai bai taɓa karanta ko ɗaya ba. Yakan sa hannu ne yana waya da ɗaya hannun.

A gida ma ba a tsira ba. Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta fi kowa iya amfani da kalmomin nan, kuma a kansa take gwadawa. In ya koma sau uku yana jijjiga kwaɗon ƙofa, ko ya tsaya a bakin titi har motar da ba ta ma taso ba ta zo ta wuce, sai ta ce, to Malam cautious, mu dai mun yi gaba. Takan ba 'ya'yansu labarin yadda ya shekara biyu yana zuwa gidansu wai gaishe da yayanta, har yayan ya gaji da gaisuwa ya tambaye shi ko akwai wata magana. Akawu ba ya musu. Yakan ce aure ba abin gaggawa ba ne, ita kuma ta ce ai shi ya sa saura kaɗan wani ya riga shi.

Sai ga shi an sayar da kamfanin. Masu saye motoci suke so, ba mutane ba. Cikin wata ɗaya Akawu ya buga takardun shaida ashirin da shida, har ribon tafireta ya koɗe. Shi kansa yana da shekara hamsin da bakwai, ga Auta saura mata shekara biyu ta gama makaranta, kuma ba a layi ake ba wajen ɗaukar tsofaffin akawuna. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, ko da yake bai nuna ba. Manaja ne ya yi masa hanya a wani ƙaramin asibiti da ke neman mai kula da ɗakin katunan marasa lafiya. Sun ce ya zo ranar Alhamis da safe, da takardar shaida a hannu.

Ranar Litinin ya shiga ofishin Manaja ya tsaya, hannu a baya, ya ce yallaɓai, batun takardar tawa ce. Manaja yana ta cusa takardu a kwali, bai ko ɗago ba.

"Rubuta mana, Akawu, kamar kullum. Ka kawo in sa hannu. Gobe da yamma zan yi tafiya."

Ya koma ya yaye tawul, ya sa takarda da kabon, ya buga layi uku cikin minti ɗaya. Ya ja numfashi, ya ɗaga yatsa. Yatsan nan bai sauka ba har aka tashi daga aiki. Talata ma haka, ya sha shayi kofi huɗu, ya buɗe ƙamus ya rufe, kamar cikin dare wani ya shiga ya canza abin da ke ciki. Da la'asar Manaja ya leƙo da jaka a kafaɗa ya ce ina takardar. Akawu ya zare ta haka nan, da gurbi fari fat a layi na huɗu, ya miƙa yana jiran faɗa. Manaja ya sa hannu, ya buga hatimi, ya yi masa fatan alheri, ya fita. Akawu ya daɗe da sanin ba ya karantawa, amma ranar abin ya sosa masa rai.

Da ya nuna wa Maman Auta, sai da ta ajiye tsintsiya don ta yi dariya da kyau. Ta ce yau ga mai auna mutane ya hau sikeli, sikeli ya ƙi motsi. Ta ce ya buga mai kyaun mana, wa zai kama shi? Bai yi dariya ba. Ya buɗe jakarsa ya fito da wani kwafin kabon da ya fara ja don tsufa, ya ɗora a gwiwa. Tana ganin sunan da ke kai ta daina dariyar, don ta san zancen.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Akwai wani direba da ake kira Birki, kuma a ranar da abin ya faru ya samo sunan. Da safe ne, ana ruwa, ga lodi na gaggawa. Ya tayar da mota, ya zagaya fili sau ɗaya, ya dawo ya kashe ta, ya shiga ofis ya ajiye makulli a teburin Manaja. Ya ce birkin ya yi laushi, shi ba zai hau titi da ita ba, akwai mutane a titin. Manaja ya yi ta faɗa, ya ce tsoro ne da lalaci, ya sallame shi nan take. Akawu kuwa ya san gaskiya, don shi da hannunsa ya sa takardar makanike a fayil har sau biyu, wadda ke cewa birkin motar yana son gyara. Bai ce uffan ba. Ko kwana ukun nan nasa bai ɗauka ba. Ya zauna zai buga, Manaja na ta safa da marwa a bayansa yana huci, sai zuciyarsa ta ce masa, in fa yau ya karanta? Ya buga takwas. Manaja ya sa hannu bai duba ba. Mako na zagayowa aka gyara birkin a shiru, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Akawu ya ce wa matarsa ya san kalmar da ta dace da shi kansa, tun ranar ya sani. Abin da ya hana shi bugawa kawai, yana tsoron kada mutanen asibiti su gani su ce ba sa son mai jin ƙafarsa. Ɗayar kuma in ya buga, ya yi ƙarya a takardar ƙarshe da zai rubuta a kamfanin. Maman Auta ta dube shi, tausayi da haushi suka haɗu mata.

"Malam, shekara goma sha ɗaya kana tauna maganar nan, ba ka haɗiye ba, ba ka tofar ba. Mutumin nan yana raye, ka san inda yake aiki. Ka je ka ba shi abinsa mana."

Ya ce ai Manaja ya tafi, wa zai sa hannu? Ta ce shi hannunsa ciwo yake?

Laraba da sassafe ya je ofis, babu kowa sai maigadi. Ya buga sabuwar takarda da sunan Birki, ya kai layi na huɗu ya buga bakwai, ba mai ƙirgawa a gindin taga. A ƙasa ya rubuta sunansa da muƙaminsa, ya sa hannu. Takardu sun fi ɗari uku da ya rubuta a ɗakin nan, wannan ce ta farko da ya sa sunansa a ƙarƙashin maganarsa. Ya haɗa ta da tsohon kwafin da tasa mai gurbi, ya sa a ambulan, ya naɗe ambulan a leda saboda hadari ya haɗo. Mota biyu ya shiga kafin ya isa, kuma a kowacce sai da ya leƙa tayoyi kafin ya hau.

Birki yanzu motar wata makarantar ƙananan yara yake ja. Akawu ya same shi a inuwar katanga yana goge madubi, yana jiran a tashi. Ya yi ƙiba, gemu ya yi fari. Da ya gane mai sallamar, sai ya yar da tsumma ya riƙe hannunsa da hannu biyu, yana Malam Akawu, ashe rai kan ga rai. Ya goge masa matakalar mota ya ce ya zauna. Akawu ya sake gogewa da hankici, Birki ya ce wallahi ba abin da ya canza.

Bayan an gama tambayar iyali, Akawu ya gyara murya, ya cire gilashi ya goge. Bai san ta inda zai fara ba, sai ya fara ta inda ya saba, ya ce ka ɗauka an ba mutum biyu tiren ƙwai. Birki ya karɓe, ya ƙarasa masa karatun tas, har da rage murya a wajen ƙafa. Dole Akawu ya bar kewaye-kewaye. Ya warware leda, ya miƙa masa sabuwar takardar, ya ce waccan da ya ba shi kuskure ce, kuma ba kuskuren rashin sani ba. Ya ce ya san da takardar makanike, tsoro ne ya hana shi magana, ya zo ne ya nemi gafara.

Birki ya juya takardar, ya dubi Akawu, sai dariya ta ƙwace masa har yana dafa mota. Ya ce ai da waccan takardar aka ɗauke shi aikin nan. Shugabar makarantar tana karantawa ta ce madalla, cautious, irin direban da suke nema wa yara ke nan, ya fara gobe. Ya ce shi duk inda ya nuna ta yabo ake yi, babu wanda ya taɓa jin labarin ƙwai a wajen filin nan nasu.

Akawu ya ji kamar an zare masa kujera. Shekara talatin da ɗaya yana auna kalma kwana uku-uku, ashe mai sa hannu ba ya karantawa, masu karantawa kuma duk ɗaya suke gani. Ya fara tattara ledarsa cikin kunya, yana cewa to alhamdulillahi, ashe bai cuce shi ba. Sai ya lura Birki ya daina dariya.

"Su ba su sani ba, Malam Akawu. Amma ni na sani, ai kai ka koya mana. Ina gindin taga ranar, ruwa na dukana. Na ƙirga bakwai, na ce alhamdulillahi, ko ba komai mutum ɗaya ya san gaskiyata. Sai na ji na takwas."

Ya ce korar ba ta yi masa ciwo kamar bugun nan ɗaya ba. Manaja fushi ne ya ɗebe shi, kuma bai san mota ba. Amma Akawu kowa ya yarda ba ya zalunci, saboda haka ya daɗe yana tambayar kansa ko dai da gaske tsoro ne ya hana shi fita. Idon Akawu ya cika, ya cire gilashin da bai daɗe da gogewa ba ya sake gogewa. Birki ya sa yatsa a layi na huɗu na sabuwar takardar, ya ƙirga haruffan ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Da ya kai bakwai ya tsaya, ya ce ya yafe, har ga Allah.

Wajen mayar da kaya a leda ne Birki ya hango ɗaya takardar mai hatimi, ya tambaya ta wace ce. Akawu ya ba shi labarin sayar da kamfani, da aikin asibiti, da Auta, da gurbin da ya kasa cikewa. Ya ce yanzu kam in ya koma takwas zai buga wa kansa, in sun ɗauke shi to, in ba su ɗauka ba haka Allah ya so.

Birki ya karɓi takardar ya ce a'a, ba a taɓa yin haka a kamfaninsu ba, mutum ba ya auna kansa. Ya ce a ƙa'ida kwana uku zai ɗauka, amma tunda gobe ake so, zai yi masa alfarma. Ya miƙe, ya sa hannu a baya, ya zagaya Akawu a hankali yana kallonsa ta saman gilashin da ba shi da shi. Ya duba takalminsa. Ya ɗaga ledar ya jinjina. Ya ɗauki tsohon kwafin kabon ya ɗaga shi a haske, shekara goma sha ɗaya ko lanƙwasa babu a jikinsa. Akawu yana zaune a matakalar mota kamar ɗalibin da aka kira gaban allo.

"Ranar nan dai santsi ka kalla, wannan ba makawa," in ji Birki. "Amma mai jin ƙafarsa da tuni ya yaga wannan ya huta. Kai ka ɗauko ta shekara goma sha ɗaya, ka shiga mota biyu, ka kawo ba ta fashe ba. Miƙo biro."

Akawu ya ce ba a gyaran hannu a takardar shaida, bai taɓa barin irin wannan ta fita daga teburinsa ba. Birki ya ce ai ba teburinsa ba ne nan. Ya shimfiɗa takardun biyu a kan murfin injin, ya riƙe biro kamar sifana, ya kwafi kalmar daga tasa zuwa ta Akawu, harafi bayan harafi, yana ƙirgawa a fili. Rubutun ya fito manya-manya, ya karkace, harafin ƙarshe har ya hau kan hatimin Manaja. Ana cikin haka aka kaɗa ƙararrawa, yara suka fito a guje, Birki ya tsaya a bakin ƙofar mota yana ƙirga kawunansu su ma.

Ranar Alhamis shugabar ma'aikatan asibitin ta karɓi takardar, kuma ita, ba kamar Manaja ba, tana karanta abin da aka ba ta. Ta kai layi na huɗu ta tsaya, ta dubi dattijon nan mai goge kujera, ta tambaye shi wa ya yi wannan rubutu da biro. Da shekarun baya ne da ya nutse don kunya. Ya ce wani direba ne da ya taɓa yi wa ba daidai ba, kuma duk kamfanin babu wanda ya fi shi cancantar ya cike gurbin. Ta nemi jin labarin, ya ba ta a taƙaice, wanda a wajen Akawu minti ashirin ke nan, har da ƙwai. Da ya gama ta kai shi wani ɗaki da katuna suka cika har ƙasa, ta ce ya fara Litinin.

Maman Auta na tsakar gida tana shanya ya shigo. Jiya da ta tambaye shi yadda suka yi da Birki cewa kawai ya yi lafiya lau, ya shige ɗaki da ledarsa, ita kuma ta ƙyale shi. Yau ya ce mata an ɗauke shi. Ta yi hamdala, ta matse rigar da ke hannunta, sannan ta tambayi abin da ya fi damunta, ta ce to nawa ya buga wa kansa.

"Ban buga ba," ya ce. "Birki ne ya rubuta. Bakwai ya ba ni."

Ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, sai ta fasa, ta juya ta ci gaba da shanya, ta daɗe tana gyara riga ɗaya a kan igiya.